Cinikin Biri a Sama Ya Isa: A Nuna Mana Hoto Kafin Mu Danna

Duk macen da ta san kan sayen atamfa a Kantin Kwari ba ta yanke ciniki a cikin shago. Za ta sa yaron shago ya warware mata turmin, ta fito da shi bakin ƙofa, ta ɗaga shi a hasken rana, wani lokaci har ta ɗora gefensa a bayan hannunta don ta ga yadda zai zauna da fatarta. Fitilar shago takan yi wa launi kwalliya, ita kuwa ba a ƙarƙashin fitilar shago za ta ɗaura zanen ba. Babu mai ganin ta cika fitina. Shi kansa mai shagon ya san haƙƙinta ne ta ga abin da za ta biya wa kuɗi, a inda za a gan shi, kafin almakashi ya taɓa shi.

Abin da nake nema daga masu ƙera manhajojin gyaran hoto bai wuce wannan ba. A kowace manhaja akwai abin da muke kira filta: mai ƙara wa hoto kaifi, mai dusashe bayansa, mai share ƙura, mai sauya launi. Kuma kafin ka amince a zartar da filta, akan nuna maka samfoti, wato ɗanɗanon yadda hoton zai koma. Masu ƙira da yawa sun daɗe suna ɗaukar samfoti a matsayin ƙarin ado, abin da za a gyara idan an sami sarari bayan an gama ƙirƙiro sababbin filtoci. Ni kuwa a wurina samfoti alkawari ne. Manhaja ta ce maka ga abin da za ka samu. In ta nuna maka wani abu ta ba ka wani, ta saɓa alkawari, komai yawan filtocin da ta tara. Filta goma masu samfoti na gaskiya sun fi mini ɗari biyar da sai na danna sannan in san abin da na saya.

Ba a littafi na koyi wannan ba. Shekarun baya gwaggona ta damƙa mini aikin babbar fosta ta roba, irin wadda ake ratayawa a bango, ta walimar saukar Alƙur'ani ta jikokinta uku. Hotunan da aka turo mini da waya aka ɗauka, a cikin ɗaki, sun ɗan yi hazo. Na buɗe wata manhaja da nake aiki da ita a lokacin, na kira filtar ƙara kaifi. Ta buɗo mini wata 'yar taga, a cikinta akwai akwatin samfoti da bai fi kwalin ashana ba, yana nuna idon yaro guda da rabin girarsa. Na ja ma'aunin har idon ya fito tar, na danna. Da na duba hoton gaba ɗaya a fuskar kwamfuta, a ƙanƙance, sai na ga ya yi kyau. Na kai aka buga.

Ranar da aka warware fostar a tsakar gida, kowace hula da kowane hijabi an zagaye su da wani farin zare kamar an bi gefensu da alli, fuskokin yaran kuma sun yi tsakuwa-tsakuwa kamar an watsa musu yashi. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, me ya sami fuskar yaran nan?" Na koma wurin mai bugawa da fushina, ya buɗe fayil ɗin a gabana, ya zuƙo shi, ya ce, "Malam, abin da ka kawo shi inji ya fitar." Gaskiyarsa ce. Farin zaren yana cikin hoton tun daga ɗakina. Manhajar ce ba ta nuna mini shi ba, a akwatin samfoti ko a babban allo. Na biya kuɗin bugu na biyu daga aljihuna, kuma daga ranar na fara binciken yadda aka yi idona ya ga abu ɗaya, inji ya fitar da wani.

Dalilin yana cikin lissafi, kuma ba mai wuyar fahimta ba ne. Hoto da ƙananan ɗigo ake gina shi, megafiksel ɗaya kuma ɗigo miliyan ɗaya ne. Hoton waya mai megafiksel 12 yana da ɗigo 4000 a faɗi, 3000 a tsaye, jimilla miliyan 12. Fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka irin wadda ta cika kasuwar kayan hannu, mai 1366 da 768, ɗigonta bai fi miliyan 1 da 'yan kai ba. Ko babban allo mai 1920 da 1080 miliyan 2 ne da kaɗan. Ke nan duk lokacin da ka ga hotonka gaba ɗaya a allo, ba shi kake gani ba, ƙaramin kwafinsa ne wanda aka dunƙule ɗigo da yawa suka koma ɗaya. To a wajen dunƙulewar nan ne ƙura da tsakuwar hoto suke narkewa, siririn farin zaren da filtar kaifi take haifarwa ma ya ɓace. Suna nan daram a ainihin hoton, idonka ne aka ɓoye wa. Akwatin samfoti kuma, a ce yana da ɗigo 200 da 200, ɗigo 40,000 ke nan, kashi 1 cikin 300 na hoton. Mutum ya ɗanɗani gishirin miya daga bakin ludayi ya isa, domin miya a gauraye take. Hoto ba a gauraye yake ba. Abin da filta ta yi wa ido daban, abin da ta yi wa gefen hula a gaban bango mai duhu daban.

Akwai kuma wata dabarar da masu ƙira suke yi don sauri, wadda ta fi wannan haɗari. Maimakon su lissafa filtar a kan ɗigo miliyan 12 sannan su ƙanƙance sakamakon su nuna maka, sai su fara ƙanƙance hoton, sannan su lissafa filtar a kan ƙaramin. Ga filtar da take sauya haske ko launi, sau da yawa bambancin ba ya da yawa. Amma ga filtar da take aiki da maƙwabtan ɗigo, irin su kaifi da share ƙura da zuba tsakuwa, hanyoyin biyu ba sa kai ka gida ɗaya. Tsofaffin masu aiki da Photoshop, manhajar gyaran hoto ta kamfanin Adobe, sun san wannan sarai, shi ya sa nasiharsu ta farko ga ɗan koyo ita ce kada ya yanke hukunci a kan kaifi sai ya zuƙo hoton zuwa 100 bisa 100, inda ɗigon hoto ɗaya yake kan ɗigon allo ɗaya. Nasiha ce mai kyau. Tambayata ita ce: don me za ta zama sirrin da ake gada daga bakin maigida, alhali manhajar ta san matakin zuƙowar da kake kai, ta kuma san filtar da ka buɗe?

Akwai waɗanda suka yi abin da ya dace a nan, kuma sun cancanci yabo. G'MIC, tarin filtoci sama da 500 da David Tschumperlé ya assasa a wani ɗakin bincike da ke birnin Caen na Faransa, wanda ake haɗawa da manhajojin gyaran hoto da zane na kyauta irin su GIMP da Krita, yakan fito da alamar gargaɗi kusa da samfoti idan ka sauya zuƙowa daga matakin da filtar take faɗin gaskiya. Yana gaya maka ƙarara cewa abin da kake gani zai iya saɓa wa sakamako. Wannan 'yar alama ba ta ci wa kwamfuta ƙarfi ba, ba ta buƙaci sabuwar fasaha ba. Gaskiya kawai ta buƙata. Da manhajar da na yi fostar gwaggo da ita tana da irinta, da ban biya bugu sau biyu ba.

Tarihin GIMP shi ne ya fi nuna yadda wannan matsala take da tsawon rai, kuma ina kawo shi ne saboda ita ce manhajar da talaka zai sauke kyauta ba tare da ya saci komai ba. Ɗalibai biyu, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara ta a 1995 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Yadda aka gina ta tun farko, yawancin filtoci ƙananan manhajoji ne masu zaman kansu: GIMP ta miƙa musu hoto, su yi aikinsu a gefe, su dawo da shi. Wannan ya sauƙaƙa wa duk mai ilimi ya rubuta tasa filtar, shi ya sa suka yi yawa da wuri. Amma ya haifar da rarrabuwa: wata filta tana da ɗan akwatin samfoti, wata ba ta da komai, sai dai ka sa lamba, ka danna, ka jira, ka ga bai yi ba, ka koma baya, ka sake buɗe taga, ka sake sa wata lamba. Sai a fitowa ta 2.2, a Disambar 2004, aka samar da akwatin samfoti na bai ɗaya da filtoci da yawa suka ɗauka. Ci gaba ne, amma akwati dai akwati ne.

Canji na haƙiƙa ya zo ne da wani sabon injin sarrafa hoto mai suna GEGL, wanda aka fara tun 2000, aka soma shigar da shi GIMP a fitowa ta 2.6 a 2008, bai kuma zauna da gindinsa ba sai a 2.10, a Afrilun 2018. A nan ne filtoci sama da 80 suka koma nuna aikinsu kai tsaye a kan hoton kansa, babu akwati. Aka kuma ƙara raba allo gida biyu: ɓangare ɗaya hoton da, ɗaya ɓangaren hoton da filta ta taɓa, da layi a tsakiya da za ka ja dama ko hagu. Wanda bai yi aiki a zamanin kwalin ashana ba ba zai gane daɗin ranar da muka fara ganin wannan layin ba. Sannan a Maris ɗin 2025 GIMP 3.0 ta fito da abin da aka fi shekara ashirin ana roƙo: filta ta daina cinye hoto. Tana zaune a kansa kamar mayafi, za ka iya adana aikinka, ka dawo bayan mako, ka rage ta, ka kashe ta, ko ka cire ta, hoton asali yana nan lafiya.

Photoshop ta sami irin wannan ga gyaran haske da launi tun fitowa ta 4.0 a 1996, ga filtoci kuma a CS3 a 2007. Tazarar tana da girma, kuma ban faɗe ta don in ci fuskar masu GIMP ba. Mutane ne 'yan kaɗan, mafi yawansu a lokacin hutunsu suke aikin, suna gogayya da kamfanin da yake karɓar kuɗin wata-wata daga miliyoyin mutane tun da ya koma tsarin haya a 2013. Abin da nake so a lura da shi daban ne. A duk waɗannan shekaru, abin da ya fi sauya rayuwar mai aiki da GIMP ba wata sabuwar filta ba ce. Filtar dusashewa ta 2018 aikin da ta 2004 take yi shi take yi. Abin da ya sauya shi ne ka gani a wurin da ya dace, ka kwatanta, ka kuma iya janyewa. Idan an yi filtar da za a iya janyewa ko yaushe, to hoton gaba ɗaya ya zama samfoti, fargabar danna maɓalli ta tafi.

Sai batun sauri, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Tun 1968 wani mai bincike a kamfanin kwamfuta na IBM, Robert Miller, ya yi rubutu a kan tsawon jiran da ɗan Adam yake jurewa daga na'ura, wani masanin fannin, Jakob Nielsen, kuma ya yaɗa ma'aunin a 1993: idan amsa ta zo cikin kashi 1 bisa 10 na daƙiƙa, mutum yana jin hannunsa ne yake motsa abin, zuwa daƙiƙa 1 tunaninsa bai katse ba amma ya lura da jinkiri, bayan daƙiƙa 10 hankalinsa ya tafi wani wuri. Mai gyaran hoto yana aiki ne da ido da hannu a tare, kamar mai ɗaura kan rediyo yana murɗawa yana saurare har tasha ta fito. In ka murɗa sai bayan daƙiƙa biyar sauti ya sauya, ba za ka taɓa kama tashar daidai ba, kullum sai ka wuce ta. Haka ma'aunin filta yake. Samfotin da yake jan ƙafa yana sa mutum ya zarce, ya cika kaifi, ya cika launi, domin ya riga ya ƙara ja kafin ya ga sakamakon ja na farko.

Masu rubuta waɗannan manhajoji galibi suna gwada su ne a kan kwamfutoci masu ƙarfi. Ɗan'uwanmu da yake buga katin biki da hoton fasfo a bakin titi yana aiki da tsohuwar na'ura da ta sha hannu kafin ta iso gare shi, batirinta ya mutu, janareto na shan mai a waje, mai hoto kuma yana tsaye a kansa yana jira. A wurinsa duk daƙiƙar jira kuɗi ce. Kuma ba mu kaɗai ba ne, haka abin yake a Indiya da Brazil da ko'ina da ake aiki da abin da ya samu. Akwai hanyar da ta dace, an kuma san ta: a fara lissafa ɓangaren da yake kan allo kawai, a nuna sakamako na gaggawa yayin da hannu yake ja, da hannu ya tsaya a maye gurbinsa da na gaskiya, a kuma sa wata alama da take bambanta na gaggawa da na gaskiya. Wannan alama ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa, ita ce kuma ta fi muhimmanci.

Na san abin da wasu ƙwararru za su ce, domin na sha ji. Za su ce wanda ya san aikinsa ya san lambobinsa, ba ya buƙatar a riƙe masa hannu, kuma samfoti mai motsi yana nauyaya na'ura. Rabin maganar gaskiya ce: dole a bar maɓallin kashe samfoti ga wanda yake so, a kuma bar gurbin rubuta lamba da hannu. Amma batun sanin lambobi ban yarda da shi ba. Lambar dusashewa da ɗigo ake auna ta. Ɗigo 5 a hoto mai faɗin 800 ya isa ya narkar da fuska, ɗigo 5 a hoto mai faɗin 6000 da ƙyar za ka ga ya taɓa komai. Lambar da ta yi maka aiki jiya ba za ta yi yau ba in girman hoto ya sauya. Ƙwararre ma da ido yake yanke hukunci, abin da ya fi ɗan koyo da shi kawai shi ne ya san inda manhaja take yaudara, ya koyi kauce wa ramin. Cike ramin ya fi a ci gaba da alfahari da iya tsallake shi.

Sunayen filtocin ma wani shinge ne. Ɗauki wadda ake kira Unsharp Mask. Duk mai ɗan Turanci zai ɗauka tana rage kaifi ne, alhali ita ce babbar filtar ƙara kaifi. Sunan gado ne daga ɗakin wanke hoto na zamanin fim, inda ake haɗa hoto da dusasshen kwafinsa don gefuna su fito. Gaussian Blur kuma, filtar dusashewa, sunan masanin lissafin nan na Jamus, Carl Friedrich Gauss, wanda ya rasu a 1855, take ɗauke da shi, saboda lissafinsa take bi. Girmamawa ce mai kyau, amma ba ta gaya wa mai ɗinkin hula da yake son hoton kayansa ya fito a WhatsApp abin da za ta yi masa ba. A GIMP 2.10 an sa kalmar da take nufin ƙara kaifi a gaban tsohon sunan, aka kuma kawo bincike: ka danna maɓallin / ka rubuta abin da kake nema. Ƙananan gyare-gyare ne masu amfani ƙwarai. Sai dai har yanzu, a yawancin manyan manhajojin kwamfuta, jerin filtoci jerin kalmomi ne zalla. Ga wanda Turanci ba harshensa ba ne, ƙaramin hoto kusa da kowane suna, wanda aka yi da hotonsa da yake buɗe, ya fi kowace fassara. Gani ya kori ji.

Wannan darasi wayoyi ne suka koya wa kwamfuta. Instagram da ta fito a 2010 ta jera filtoci a ƙasan allo, ka taɓa ka gani nan take. Snapseed, da kamfanin Nik ya fitar a 2011 Google kuma ya saya a 2012, ta sa yatsa ya zama ma'auni: ka ja sama ko ƙasa ka zaɓi abin da za ka gyara, ka ja dama ko hagu ka ƙara ko ka rage, ka danne ka ga hoton asali. Yarinyar da ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba takan gane wannan cikin minti biyu.

Amma wayoyin sun zo da tasu yaudarar, kuma ita ce ta fi ci mini rai. A kwamfuta matsalar ita ce ba a nuna maka "bayan" na gaskiya. A waya sau da yawa "kafin" ɗin ne na ƙarya. A wayoyi da yawa kyamarar gaba tana zuwa da gyaran fuska a kunne tun daga masana'anta, ta goge fata, ta haskaka ta, kafin ka taɓa komai. Ka ɗauka fuskarka kake gani, ashe an riga an bi ta da filta ba a tambaye ka ba. Ga mu masu baƙar fata abin yana da tsohon tarihi. Tun shekarun 1950 ɗakunan wanke hoto suna daidaita launin injinansu ne da katin gwaji na Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, kuma sai a shekarun 1990 aka fitar da mai mata masu launin fata daban-daban. A Afrilun 2017 mai manhajar FaceApp ya nemi gafara bayan an gano cewa filtarsa ta "ƙara kyau" haskaka fata take yi. A Oktoban 2020 Google ya sanar cewa a sababbin wayoyinsa na Pixel gyaran fuska zai zo a kashe, zai kuma daina kiransa da sunayen da suke nuna cewa kyau ne ake ƙarawa. Mataki ne daidai, kuma ya kamata ya zama ƙa'ida ga kowa. A ƙasar da man bilicin ya riga ya yi wa 'yan'uwanmu mata illa, manhajar da take haskaka fuskar yarinya a ɓoye tana koya mata raina fatarta ne kullum safiya. Shi ya sa nake cewa ƙananan hotunan zaɓin filta dole su kasance na mai wayar ne, ba na wata baƙuwar fuska ko wani tsauni mai ƙanƙara ba. Filtar da ta yi kyau a farar fuska takan mayar da tamu toka-toka.

Ga masu kai aiki wurin bugu akwai wani samfotin da ba a cika magana a kansa ba. Allo da haske yake yin launi, ja da kore da shuɗi. Injin bugu da tawada yake yi, kala huɗu, kuma akwai shuɗi mai ƙyalli da kore shar da tawada ba za ta iya fitarwa ba. Manyan manhajoji suna da hanyar kwaikwayon yadda bugu zai fito, amma an saba binne ta a can cikin jerin umarni inda ɗan koyo ba zai taɓa tuntuɓe da ita ba. GIMP 3.0 ta sauko da maɓallinta ƙasan taga, inda ido zai gan shi. Daidai da fito da atamfa bakin ƙofa ke nan.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta zama ta gaggawa shi ne inda aka dosa yanzu. Tun 2023 Photoshop ta kawo cike gurbi da ƙirƙirarriyar basira: ka zana wuri, ka rubuta abin da kake so, a aika can wata babbar na'ura ta intanet, a dawo maka da zaɓi uku. Adobe kuma ya kawo ma'aunin da yake ƙidaya yawan amfani da irin waɗannan kayan aiki a wata, wasu kamfanoni ma haka suke yi. A wannan tsari babu samfoti ko kaɗan. Sai ka kashe data, an ƙirga maka, sannan ka ga abin da ya fito, in bai yi ba ka sake biya. Bayan shekara talatin ana fama a fita daga "danna ka gani", an dawo da mu cikinsa, wannan karon da kuɗi a kai. Cinikin biri a sama ke nan. Ba abin da zai hana a fara nuna ƙaramin zane mai arha, wanda ba a ƙirga shi, sai mutum ya amince sannan a yi cikakken a caje shi.

Mu masu amfani ma akwai namu. GIMP da Krita da G'MIC a fili ake gina su, kowa yana iya kai rahoton matsala, kuma rahoton da ya ce "kwamfutata kaza ce, hoton girmansa kaza, na ja ma'auni sai bayan daƙiƙa bakwai na ga sauyi" ya fi zagi dubu amfani a wurin mai gyara. Na'urorinmu ba sa cikin ɗakin gwajinsu, in ba mu faɗa ba ba za su sani ba. Ni dai na fara kai nawa.

Akwai ɗan yayata da yake zuwa koyon aiki wurina ranar Asabar. Makon jiya yana gyara hoton wata dattijuwa da za a faɗaɗa a sa a firam, na gan shi ya buɗe filtar kaifi, ya kunna rabon allo, yana jan layin tsakiya a kan fuskarta. Ya juyo ya ce, "Kawu, ya yi?" Na dubi ƙasan taga, zuƙowar tana kan 25. Na ce ya kai ta 100, ya gangara zuwa gefen ɗankwalinta. Farin zaren yana nan, siriri, ya bi gefen ɗankwalin tun daga goshi har kunne. Ya rage ma'aunin a hankali har zaren ya ɓace, sannan ya ɗauki biro ya rubuta "100" a wata 'yar takarda, ya manna ta a gefen allon.